Durƙuson Sauda

Kullum da safe Sauda kan shiga sashen surukarta, Hajiya Zubaida, a gidansu na unguwar Wunti, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. To da ta durƙusa sai zuciyarta ta hau dukan uku-uku, gumi ya jiƙa ta sharkaf, kai kamar ya tsage. Da abin ya ishe ta, sai ta koma gaisuwa a tsaye.

Hajiya ta ce ba a gidanta ba. Yarinyar da ke wuni garau a kan keken ɗinki, sai a gaban uwar miji ciwo ke zuwa? Ta kira ɗanta Abdulbaqi ta ce ko matarsa ta dawo da ladabi, ko ta koma gidan ubanta a Fadaman Mada.

Yana son Sauda kamar ransa, amma shi ma ya soma zargin iyayi ne kawai. Ya same ta a ɗaki ya ce, "Haba Sauda, minti ɗaya ne fa! Diramar nan ta isa haka."

Washegari ta je ta durƙusa, ta daɗe a ƙasa don Hajiya ta huce. A nan ta kife.

A asibiti likita ya ce tsokar zuciyarta ce ta yi rauni farat ɗaya, irin wanda tsananin tashin hankali ke jawowa. Da aka yi hoton ciki sai ga ƙari a saman ƙodarta. Shi ke watsa sinadarin firgita cikin jini, in ji likita, kuma duk durƙuson da ta yi matse shi take.

Abdulbaqi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Makonnin da aka yi ana ba ta magani kafin tiyata yana gefen gadonta, amma wallahi kunya ba ta bar shi ya haɗa ido da ita ba. Ranar da ya nemi gafara, ita ce ma ta lallashe shi.

Bayan an cire ƙarin, Hajiya ta zo da kunu. Sauda ta yunƙura za ta sauko daga gado ta durƙusa, tsohuwa ta riga ta kai gwiwa ƙasa tana hawaye.

"Zauna, 'yata. Yau ni ce mai gaisuwa."

Jama'a, in na kusa da ku ya ce yana ciwo, ku fara kai shi asibiti kafin ku kira shi marar kunya.