Sunan Ikilima a Jikin Dutse

Wallahi da idona na gani, ba labari aka ba ni ba. Ni Ishiyaku, duk abin da ya faru a Birnin Kudu ina wurin, in ma ba na wurin to na iso kafin ya huce.

Ina soron maƙwabcina Malam Ɗayyabu muna shan fura, sai ga Taufiq, direban bas ɗin nan ɗan Gwaram da Malam ya ba wa 'yarsa Ikilima, saura wata biyu biki. Ya zo gaisuwa da abokansa, wai daga nan za su hau dutse shan iska, su ga zanen shanun mutanen dā. Malam ya ce in raka su, don kaf garin nan babu wanda ya kai ni sanin dutsen.

Na nuna musu shanun nan masu dogon ƙaho. Na buga musu dutsen da ke ƙara kamar ƙararrawa, suna ta hoto. Na sauko sallar la'asar kawai, in dawo, sai na tarar da jan fenti ɓaro-ɓaro dab da ƙahon saniya. Aji biyu na yi a boko, amma na haɗa baƙin: Taufiq da Ikilima. Har da zanen zuciya kamar gwanda. Wai safarayiz zai yi mata, wato ba-zata.

Ni ba na kai gulma. Na dai biya ta soro na ambata.

Malam ya miƙe. Shi da ko a gida ba ya kiran sunan 'yar farinsa, yau ga sunan a dutse, kowane makiyayi da ɗan acaɓa na karantawa. Ya sa aka fito da akwatunan lefe tsakar gida, ya ce a mayar Gwaram.

“Wanda ya shanya sunanta a rana tun ba ta shiga gidansa ba, me zai rufa mata in ta shiga?”

Mahaifiyar Malam, Inna Turai, ta fi shi hawa. Ta ce tana amarya ƙawayenta suka kai ta gindin shanun nan suka yi mata kiɗan dutse, haka aka yi wa uwarta. Da Taufiq ya sauko, ta ɗauki taɓarya ta kore shi har bakin titi.

Ikilima ta sha kuka, amma da ya kira ta yana “sori, sori”, ba ta raga masa ba. Ta katangarmu na ji, ba laɓe na yi ba, katangar ce gajeriya.

“Ka mai da ni allon talla, Taufiq. Ina son ka, amma ba zan buɗe baki a gaban Baba ba sai sunana ya bar dutsen nan.”

Washegari ya zo da galan na fetur da burushin ƙarfe. Inna Turai ta tare shi, ta ce in ya ƙwarzane mata saniya ko ɗaya, ko Malam ya haƙura ita ba ta haƙura ba. Ruwa da tsumma da sabulun salo, shi ke nan abin da ta yarda.

Ka san fentin mota. Yaron nan duk Juma'a sai ya ajiye bas ya hau dutse. Ranar biki ta zo ta wuce, damina ta sauka, aka yanke gero, yana nan yana dirza har yatsunsa suka fashe. 'Yan tasha suka sa masa suna Mai Wankin Dutse. Danginsa suka ce ya rabu da mu, mata ba su ƙare a Gwaram ba. Ya ci gaba da dirzarsa. Ikilima ma an kawo mata wani ɗan kasuwa daga Kano, ta ce a ba ta lokaci.

Rannan na ja Malam muka hau, yana ta faɗa a hanya. Muka tarar sunan Ikilima ya fita tas, ko ɗigo babu. Na Taufiq kuwa yana nan ja wur, bai ko taɓa shi ba.

Malam ya daɗe yana kallo, ya tambaye shi dalili.

“Baba, nata ne ya fi gaggawa. Nawa a yi ta dariya, ni na jawo.”

Malam ya juya ya sauka. Da muka kai soro ya ce in aika Gwaram su dawo da akwatunan. Inna Turai ta ce ba za a ɗaura aure ba sai Taufiq ya wanke nasa shi ma, da gwandar. Ya ƙara wata biyu.

To samari, ku ji. So ba a rubuta shi inda kowa zai karanta. Wanda ya ɓata da gaggawa, da haƙuri zai gyara, kuma mutuncin yarinya ake fara wankewa kafin naka.

Abu ɗaya dai na ƙara: taɓaryar nan. Inna Turai ta haura tamanin, ina ita ina gudu. Takalmi ta jefa masa, kuma ni ya samu.