Farantin Baƙin Mai

An ɗauke motar da rana tsaka, daga cikin gareji, ba a fasa kwaɗo ba.

Kafin Sufeto ya iso, kofur ya riga ya jefa bakanike bayan kanta, don shi ke riƙe da makulli na biyu. Idan laifin ya zauna kansa, ya yi sallama da sana'a, babu mai sake ba shi ko keke.

Mai motar, wani ɗan kwangila mai furfura, yana ta safa da marwa a tsakar gida.

"Ja ce, Yallaɓai, ƙofa biyu, kujera biyu. Ta girmi babban ɗana, amma a titi babu mai ganin ƙeyarta."

"Lafiyarta ƙalau?"

"Garau! An gama gyara."

Matarsa ta yi tsaki daga bakin ƙofa. "Kullum an gama gyara. Yau birki, gobe giya, jibi a ce sai an yo odar wani ƙarfe. Rufin ɗakinmu na yoyo, ita ko tana da bargo."

Sufeto ya shiga garejin ya tsuguna. Inda motar ke kwana ƙasa ta yi baƙi. Can jikin bango ga wani farantin ƙarfe cike da baƙin mai, an ajiye shi tsaf, ko ɗigo bai zuba ba.

"Wannan fa?"

"Shi muke tara mata a ƙasa, tana zubar da mai," in ji matar. "Duk mai fito da ita sai ya janye shi, in ba haka ba ya ji bakina."

Sufeto ya daɗe yana kallon farantin. Bai taɓa ganin ɓarawo mai tsoron faɗan matar gida ba.

Ƙanin mai motar, wanda ke zaune a ɗakin waje, ya matso da kansa tun ba a kira shi ba.

"Ni na ji tashinta, Yallaɓai. Ina kwance na ji rurin inji. Na ɗauka bakanike ne ya zo gwaji kamar kullum."

"Ka ji da kunnenka?"

"Har taga ta girgiza."

Sufeto ya tsallaka titi wurin tela.

"Ƙara? Ranka ya daɗe, in waccan ta tashi, allurata ma karkata take yi. Yau ban ji komai ba. Rabon da in ji ta ma an kwana biyu, har barci na soma yi."

A ofis aka fito da bakanike, ido jawur.

"Ina ka kai ta?"

"A ka zan ɗauke ta? Kik ɗinta, abin da ke tayar da injin, yana shagona a ƙone. Irinsa ya ƙare a kasuwa. Mai gida ne ya ce in rufa masa asiri, kada a ji a gida."

Sufeto ya aika kofur shagon. Ya dawo da ƙarfen a leda, ya dire shi kan tebur. Aka kira 'yan'uwan biyu.

"Ka ce garau take," Sufeto ya ce wa mai motar.

Ya sunkuyar da kai. "Gori ne ya ishe ni, Yallaɓai."

Sufeto ya juya ga ƙanin. "Kai kuma wace mota ka ji tana ruri? Ga abin tayar da ita nan."

"Wataƙila... wata ce ta wuce."

"Wata ce ta shiga ta janye faranti, don kada matar yayanka ta yi faɗa?"

Sai ƙanin ya fashe da magana.

"Ni ne! Makullin yana rataye a falo. Na kira masu sayen tsohon ƙarfe muka tura ta har kwana. Yaya, na ji ka a waya kana cinikin shagon da Baba ya bar mana, wai za ka sayo mata sabon inji. Ta cinye filinka, ta cinye motar aikinka. Shagon ma sai ta ci?"

"Sai ka ɗora wa bakanike, bawan Allah?" in ji Sufeto. "Shi me ya ci maka?"

Kofur ya ɗauko ankwa.

Mai motar bai ko kalli ƙaninsa ba. "Yallaɓai, a yi sauri, ko za mu same ta."

Sun same ta. An riga an yanka ta da wuta, jar ƙofa ɗaya ce ta rage jingine da tulin tayoyi. Mai motar ya tsaya yana shafa ta kamar mai gaisuwar mutuwa.

Bakanike, da aka sake shi ya biyo su, ya ajiye masa makulli na biyu a kan ƙofar, ya wuce. Da yamma mai motar ya koma gida a motar haya, ya tarar da gareji fayau, ɗakin waje a kulle. Farantin yana nan jikin bango, cike da baƙin mai.