Faranti Mai Ƙwaya Shida

A tagar ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Gaya Khaula ta fara ganin Abdulmuttalib, ma'aikacin wurin, ranar da ta je karɓar sakamakon gyambon mahaifiyarta, Hajo. Ya nuna mata wani ɗan faranti da ya raini ƙwayoyin cutar a ciki, an jera ƙwayar magani shida a kai.

"Wanda ke aiki, za ki ga ya share fili kewaye da shi," in ji shi. "Ɗaya ne kawai ya share. Biyar ɗin nan cutar ta saba da su."

Khaula ta gane sunayensu. Su ne Da'u mai kemis ya yi wata uku yana ɗirka wa Hajo a ƙauyensu Gafasa, babu gwaji, mutane suna ta kiransa Dakta.

Maganin gaskiya ya zo a makare. Hajo ta rasu ranar Laraba.

Abdulmuttalib ya zo ta'aziyya, daga nan ƙafarsa ta saba da hanyar Gafasa. Amma da maganar aure ta taso, mahaifin Khaula, Malam Bubayero, ya ƙeƙasa ƙasa.

"Mai duba fitsarin mutane zan ba 'yata? Ga Da'u na neman ki, ɗan gida?"

Zuciya ta ɗebi Khaula, ta tura wa Abdulmuttalib saƙo: "Sahibina, ka rubuta a takarda cewa Da'u ne ya kashe Inna."

Ya amsa: "Hasken idona, abin da farantin ya nuna kaɗai zan rubuta. Ko don ke ba zan ƙara harafi ba."

Mako biyu ba ta ɗauki wayarsa ba. Ranar da ta ɗauka, ta ce, "To, farantin zai yi magana."

Gida-gida ta bi, tana lallashin duk wanda Da'u ya yi wa allura bai warke ba. Wasu suka ce ƙaddara ce, ta bar wa Allah.

"Na bar masa," in ji ta. "Amma ku zo a gwada."

Mutum goma sha ɗaya suka je. Da yardarsu ta karanta sakamakon a ƙofar dagaci, ɗaya bayan ɗaya, idonta cikin na Da'u. A mutum tara, allurarsa ba ta fi ruwa ba. Kafin mako ya zagayo jami'an lafiya suka garƙame kemis ɗin.

Da yamma Malam Bubayero ya kira ta.

"Ni nake riƙe wa innarki ƙafa Da'u yana yi mata allurar nan, Khaula. Ki ce wa yaron nan na asibiti ya turo magabatansa."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren. Da za a tafi da amarya, tsohon ya riƙo hannun ango ya daɗe bai saki ba.

"Na raina aikinka, ka yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai gaskiya irin taku."