Allurar da Ta Ƙi Kwanciya

Akori-kurar Dogo tsohuwa ce mai shan dizal, ta girmi aurensa nesa ba kusa ba. Da ita yake dakon bulo da siminti, da ita yake riƙe gida. Injin kam lafiya lau, amma agogunan awo da ke gaban direba, wato geji, duk sun mutu tun tuni. Ranar da ruwan lagireto ya tafasa a tsakiyar titi babu allurar da ta motsa, bakanikensa ya ce shi fa ya gaji.

"Dogo, ka je ka sayo geji biyu, na zafi da na baƙin mai. Akwai na lantarki, waya kawai za a ja. Akwai kuma mai tiyo, wanda mai ke biyo siririn tiyo daga inji har gabanka. Mai tiyo ba ya ƙarya, amma ranar da ya tsinke ka shiga uku. Ni dai na ce ka sayi na lantarki, kuma sabo."

To, Dogo da shawara sai a hankali. Mutum ne da in ka ce masa gabas, sai ya leƙa yamma tukuna.

Bayan la'asar ya shiga layin masu kayan mota, ya nufi shagon wani tsoho da kowa ke kira Kawu. Shagon duhu-duhu, warin tsatsa da tsohuwar roba ya cika shi. Kawu ya fito masa da sababbi a kwalayensu. Dogo ya jujjuya ɗaya, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya taɓe baki.

"Haba Kawu, wannan ai kayan wasan yara ne."

Sai idonsa ya kai bayan ƙofa. Geji biyu ne a jikin ƙarfe ɗaya, rataye a ƙusa, tiyonsu a naɗe. Ya ciro su. Nauyi kamar dutse. Yana riƙe su a tafin hannu, allurar mai ta ɗan ɗaga, ta koma, ta sake ɗagawa.

"Mayar da wannan, ɗana," in ji Kawu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A sana'ar nan, gejin da aka ciro daga motar hatsari ba a sayar da shi sai allurarsa ta kwanta. Wannan tun da aka kawo shi bai kwanta ba."

"To ai shi ne mai kyau! Abin da ke aiki a hannu, ina ga an haɗa shi da inji?"

Tsoho ya dube shi. Can ya ɗauki butarsa.

"Ni dai ban sayar maka ba. In ka ɗauka, kai ka ɗauka."

Dogo kuwa ya ɗauka, ya ajiye abin da ya ga ya dace a kan tebur, ya fita yana murmushin wanda ya yi tsintuwa. Bakanike ya yi mitarsa ya gaji, ya ɗaura masa su a ƙasan rediyo, ya ja farin tiyon ta huda zuwa jikin inji. Aka tayar da mota, allurai suka hau daidai. Sai me kuma?

Saura aike ɗaya. 'Yarsa ta yi hutu a gidan gwaggonta a garin da ke gaba, uwar ta ce lallai yau a dawo mata da ita. Yarinya ce 'yar shekara tara mai sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai Uwata. Ita kaɗai Allah ya ba su.

Sun kamo hanyar dawowa rana ta yi ja. Uwata na gefensa, surutu kamar rediyo: kazar gwaggo ta yi 'ya'ya, an yi mata sabon kitso, wai ɗan gwaggo matsoraci ne. Hanyar babu gida, babu shago, sai gonaki da turakun lantarki. Inji na ta gurnaninsa na kullum.

Can surutu ya fara raguwa.

"Abba, sanyi nake ji."

"Sanyi a wannan zafin? Ɗaga gilashi, Uwata."

Ya kai ido ga gejin da ya sayo. Allurar zafi tana sauka. Abin ya ɗaure masa kai. Mota na hawan tudu, bonet har turiri yake, ta yaya zafi zai sauka? Ya ƙwanƙwasa gilashin. Ta ƙara sauka.

Ita kuma allurar mai ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Tana ɗagawa, tana komawa. Ɗas. Ɗas. Ɗas.

Ya gangara gefen hanya ya kashe mota, don ya leƙa inji. Shiru ya rufe su. Babu kukan tsuntsu, babu iska. Sai ƙarfen inji da ke ƙas-ƙas yana hucewa.

Allurar mai ba ta kwanta ba.

Duk direba ya san in inji ya mutu, allurar mai faɗuwa take. Wannan tana nan tana bugawa a hankali. Dogo ya juya. Uwata ta jingina kanta da ƙofa, ido rabi a rufe, leɓenta ya yi fari. Ya kama wuyan hannunta. Sanyi ƙalau. Ya ji bugun jijiyarta a ƙarƙashin yatsansa, ya dubi allura.

Tare suke tafiya.

"Innalillahi," ya ce. "Uwata. Uwata, buɗe ido."

"Abba," ta ce da raɗa, "ka ce masa ya daina."

"Wa?"

"Wanda ke ƙarƙashin rediyo. Yana tsotsata."

Wani wari ya taso a cikin motar, ba na dizal ba, ba na baƙin mai ba. Ƙarni ne, irin na mahauta. Ya sunkuya ya dubi tiyon. Ɗazu da idonsa ya ga baƙin mai ya hau cikinsa.

Yanzu ja ne.

Daga bayan gilashin gejin ya ji numfashi. Ja, saki. Ja, saki. Gilashin ya yi hazo daga ciki, ya washe, ya sake yin hazo.

Sai wata murya siririya, kamar ta cikin kwalba.

"Saura kaɗan."

Dogo ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa, harshe na sarƙewa. Ya lalubo filaya a ƙasan kujera, ya kai bakinta kan tiyon. Sai hannunsa ya tsaya.

In ya yanke, allura za ta faɗi. In allura ta faɗi fa? Wa ya ce masa zuciyar yarinyar ba za ta bi ta ba?

In kuma ya bari, ga allurar zafi ta kusa ƙasa.

Ɗas.

Shiru.

Ɗas.

"Abba."

Ya ambaci Allah da ƙarfi, ya datse.

Wani ihu ya tsaga motar, har gilashin gaba ya amsa. Abu mai ɗumi ya fantsamo masa a fuska. Ya sa hannu biyu ya fizge ƙarfen da gejin gaba ɗaya, sukurori suka yi tsalle, sauran tiyon ya tumɓuko tun daga jikin inji. Abin na motsi a hannunsa kamar kifi. Ya yi jifa da shi cikin gona.

Ya juyo. Uwata ba ta motsi.

Ya kifa kunnensa a ƙirjinta. Bai ji komai ba sai bugun nasa.

Sai ta yi tari.

Ya san hudar da tiyon ya bari a jikin inji a buɗe take. Ya san in ya tayar da mota baƙin mai zai tsiyaye a titi, injin ya tafi har abada. Ko tunani bai tsaya yi ba, ya murza makulli ya taka totur. Bai waiwaya ba, duk da yana jin wani abu na bin gefen motar a cikin ciyawa, har sai da fitilun gari suka bayyana. Injin ya yi ta ƙara, ya yi hayaƙi, ya buga a ƙofar asibiti. Dogo ya sungumi 'yarsa ya shiga da gudu yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, amma an duba jikinta kaf babu ko ƙwarzane. Aka ƙara mata jini, ta farfaɗo. Motar kuwa ba ta sake tashi ba. Dogo direban wani ne yanzu, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba.

Uwata ta warke, surutu ya dawo, har ta koma makaranta. Abu ɗaya ne dai. Tun daga ranar, duk ma'aunin da aka kai jikinta ba ya nuna komai. Na zafi, na bugun jini, duk tsit suke yi. Nas ta ce ya lalace, ta ɗauko wani, shi ma haka. Sun gaji sun bari.

Saboda haka kowace safiya kafin ya fita, Dogo yakan durƙusa a bakin katifarta, ya ɗora tafin hannu a goshinta, ya kama wuyan hannunta. Wani lokaci takan buɗe ido ta yi tsaki.

"Abba, ina nan fa."

"Na sani, Uwata," yakan ce. Amma ba ya sakin hannun sai ya ji ya buga.