Littafin Kifaye da Ya Tafi Kano a Kwantena

A birnin Guangzhou akwai wata ƙaramar makaranta a hawa na bakwai na wani dogon gini. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne ke karatu a cikinta, na Kano da na Maraɗi da na Yamai. Ɗakin karatunta ƙarami ne. In ka yi atishawa a bakin ƙofa, sai littattafan bangon ƙarshe sun motsa.

Wata shekara aka kawo kwamfuta ɗakin. Ita ce ta farko. Aka shimfiɗa mata sabon ƙyalle a kan tebur kamar babbar baƙuwa.

Aka manna wa kowane littafi sitika mai baƙin layi-layi a bayansa. Aka ba kowane ɗalibi kati. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai jan haske. Ka nuna mata katinka, ka nuna mata sitikar littafi, ta ce "ƙit". Shi ke nan, ka ara. Yara suka sa mata suna Jan Ido.

Kwamfutar a haɗe take da ɗakunan karatu na wasu makarantu huɗu a birnin. Abin da ta sani, su ma sun sani.

Malama Saffana ce ke kula da ɗakin. A da takan juya kowane littafi, har ta shinshina, ko an ci miya a kansa. Da kwamfuta ta zo, sai ta daina duban littafi. Allon kwamfuta kawai take kallo.

"Wannan ba ta mantuwa, ba ta ƙarya," in ji Malama.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta son a ƙaryata ta. Wata rana ta ari littafin manyan kifayen teku, mai shuɗin bango. Ran Asabar suna waya da Surayya, 'yar baffanta da ke Kano, sai ta ce, "Kin san akwai kifin da ya fi motar bas girma?"

Surayya ta yi dariya. "Ke dai tun da kika tafi Sin kika koyo ƙarya. A wace tukunya za a dafa shi?"

"A littafi na gani."

"To, turo littafin mu gani."

A lokacin wayar hannu ba ta aika hoto yadda take yi yanzu. Yarinyar ta wuni tana cika tana batsewa.

Babanta, Alhaji Dogara, jakunkunan mata yake saye a kasuwar Shiling, ya tura Kano. Kafin ya zuba su a katan, sai an cire sitikar kamfani daga kowace jaka. Kada masu saye su gane wurin, su zagaye shi su je da kansu. Da na'urar busar da gashi ake yi. A hura zafi kaɗan, a sa farce, sitika ta ɗago lafiya lau. Duk gidan babu wanda ya kai yarinyar iya wannan aikin.

To, sai dabara ta zo mata.

Ta hura wa littafin kifaye zafi, ta ɗago sitikarsa. Ta ɗauko wani tsohon littafin hotunan jakunkuna na babanta, shi ma mai shuɗin bango. Ta manna masa sitikar. Littafin kifaye kuwa, ta rubuta sunan Surayya a wata takarda, ta cusa shi a ƙasan katan. Washegari katan ya shiga kwantena, kwantena ta nufi teku.

Ran Litinin ta nuna wa Jan Ido littafin jakunkuna.

"Ƙit."

Kwamfuta ta rubuta cewa littafin kifaye ya dawo. Malama ba ta ko ɗago kai ba.

A ajin yarinyar akwai wata baƙuwa, Balkissa, 'yar Maraɗi. Watanta biyu da zuwa. Faransanci ta koya a gida, Turanci kuwa yana ba ta wuya. Kullum littafi mai hotuna take nema. Ta ga mai shuɗin bango, duk hotuna, babu dogon rubutu. Ta are shi da katinta, tana murna.

Bayan kwana uku, wani ɗalibi a wata makarantar ya nemi littafin kifaye ta kwamfuta. Saƙo ya iso wa Malama Saffana. Ta duba allo, ta kira Balkissa.

"Kawo littafin kifaye, za a aika wa wata makaranta."

Balkissa ta miƙa abin da ke jakarta. Malama ta buɗe. Jakar biki. Ta juya shafi. Jakar makaranta. Ko ƙayar kifi babu.

"Ina littafin da kika ara?"

"Shi ne wannan, Madam. Haka na iske shi."

"Kwamfuta ta ce littafin kifaye kika ɗauka."

"Madam, ni ban ga kifi ba."

"Wato ke ce mai gaskiya, kwamfuta ce maƙaryaciya?"

Malama ta danna wasu maɓallai. Sunan Balkissa ya koma ja a allo. Ba a nan kaɗai ba, har a sauran makarantun huɗu. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba, sun ga sunanta da ja.

Yarinyar da ta musanya sitikar tana tsaye a layi, tana gani.

A kasuwa, in ɗan Sin zai ce babu, "meyo" yake cewa. Yara suka mai da shi sunan Balkissa. In ta wuce sai su ce, "Meyo, ina kifinmu? Kin soye shi?" Ta daina shiga ɗakin karatu. Lokacin tara takan zauna a matakala ita kaɗai, abincinta a rufe.

Ita kuwa 'yar Alhaji Dogara takan ce wa kanta, "Za a manta." Amma mutane ne ke mantuwa. Kullum da safe in an kunna kwamfuta, jan sunan na nan.

Ran Juma'ar makon da ya biyo, da la'asar, Malam Harouna, baban Balkissa, ya zo gidan Alhaji Dogara shan shayi. Abokinsa ne, tare suke shiga mota zuwa Shiling. Yarinyar ta kawo kofuna, ta ji yana magana.

"Alhaji, ran Laraba ƙanwata za ta koma Maraɗi. Zan haɗa ta da Balkissa."

"Haba, Malam Harouna. A kan littafi ɗaya?"

"Ba littafin ba ne. Na je wata lakwal, wata makarantar daban, in sa ta, sai suka duba na'urarsu, suka kalle ni. Shekarata goma a garin nan, ba a taɓa yi mini wannan kallon ba. Ita kuma ta rantse ba ta ɗauka ba. Ban san wa zan yarda da shi ba, 'yata ko ƙarfe."

Da baƙon ya tafi, yarinyar ta tsaya a gaban babanta.

"Abba, littafin yana cikin kwantenarka."

Ta faɗi komai. Alhaji Dogara ya ajiye kofinsa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Kwana nawa kina kallon 'yar mutane tana kuka?"

"Tara."

"Tara. Kina cin abinci, kina barci?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na koya miki cire sitika don ki taimake ni, ba don ki manna wa wata laifinki ba. Ran Litinin tare za mu je. Ke za ki yi magana, ni zan tsaya a baya."

Ran Litinin ta gaya wa Malama Saffana gaskiya. Malama ta duba allo, ta girgiza kai.

"Kina so ki ceci ƙawarki, na gane. Amma ga shi nan a rubuce. Kin dawo da littafin ran Litinin waccan. Balkissa ce ta ƙarshe."

"Malama, ba littafin na dawo da shi ba. Sitikarsa na dawo da ita."

"Sitikar nan ba ta ciruwa. Masu kwamfuta sun gaya mana."

Yarinyar ta ciro na'urar busar da gashi daga jakarta. Ta ɗauki littafin lissafi na aji uku. Ta hura, ta sa farce, sitika ta ɗago. Ta manna ta a jikin filas ɗin shayin Malama, ta nuna wa Jan Ido.

"Ƙit."

Allo ya rubuta: Lissafi, Aji Uku, shafi casa'in da shida.

Malama ta kalli filas. Ta kalli allo.

"Kira mini Balkissa," in ji ta a hankali.

A gaban dukan ɗalibai yarinyar ta maimaita abin da ta yi. Ta faɗi komai har ƙarshe. Malama ta goge jan da ke sunan Balkissa, ta aika wa makarantun huɗu saƙon gyara. Sannan ta ce, "Balkissa, ni ma ki yafe mini. Kina gabana kina magana, na zaɓi in saurari allo."

Sai sunan yarinyar ne ya koma ja. An rufe katinta har sai littafi ya dawo.

A matakala ta tare Balkissa. "Don Allah ki yi haƙuri."

"Kina cikin layi ranar," in ji Balkissa. "Na gan ki." Ta wuce abinta.

Ran Laraba jirgi ya tashi ba da Balkissa ba. Amma ba ta yi wa yarinyar magana ba, ranar ko washegari ko makon da ya biyo.

Littafin kuwa yana can yana yawon duniya. Kwana arba'in da biyar a teku. An ce wani ƙaton kifi ya bi jirgin ruwan har Legas, yana so ya ga ko an zana shi da kyau. Daga Legas sai babbar mota zuwa Kano. Surayya ta duba shi, ta ce ai zane ne, kowa ma zai iya zana ƙarya. Daga nan wani ɗan kasuwa mai dawowa Guangzhou ya sako shi a jakarsa, tsakanin kilishi da yaji.

Wata uku cif yarinyar tana kallon ɗakin karatu ta ƙofa.

Da littafin ya iso, Malama ta buɗe shi shafi-shafi, ta ƙirga kifayen da idonta. Sannan ta mai da masa sitikarsa. Balkissa ce ta fara aronsa. Lokacin tara ta zo inda yarinyar ke zaune, ta ajiye littafin a tsakaninsu.

"Na sha zagi a kansa, ban ma san abin da ke ciki ba," in ji ta. "Turancin ya yi mini yawa. Karanta mini."

Yarinyar ta fara karantawa. Tana kaiwa shafi na biyu, Balkissa ta buɗe abincinta, ta tura mata rabi.

Yara, abin da aka nuna wa na'ura shi take faɗa. Gaskiya a bakin mutum take. In ka yi laifi, ka faɗa tun ranar farko, kafin a ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.