Tafin Jibrilla

Ranar da Firdausi ta kawo firigon innarta gyara a shagon Jibrilla, cikin kasuwar Dogon Dutsi, ya rasa dabarar da zai tsai da ita. Sai ya nuna dogon rubutun da ke jikin kwalin firigon.

"Malama, wanga mi ake ce mashi?"

Malamar Ingilishi ce a kolejin Tibiri. Ta ce, "Refrigerator."

Ya gwada, harshe ya harɗe. Ta ƙunshe dariya, shi kuwa zufa ta karyo mashi, don aji uku ya yi a lakwal ya gudu.

Ta ce, "Doguwar kalma ba a haɗiye ta ɗungum. Gaɓa-gaɓa ake yanka ta, kowace gaɓa tafi guda. Ri, fri, ja, rei, ta. Ta biyun ake dannawa."

Daga nan soyayya ta ƙullu. Kullum yana bayan shago, ido rufe, yana tafi yana ƙunƙuni.

Luƙman mai shagon yadi, wanda shi ma yake son ta, ya hango shi. Ya kai wa mahaifinta, Alhaji Is'haƙa, cewa Jibrilla na kiran iskoki da wani harshe. Alhaji ya ce ba ya ba ɗan bori ɗiyarshi.

Saƙonta ya shigo: "Mai firigona, Baba na kiranka bayan la'asar. Ka faɗi gaskiya, ko da za a yi maka dariya." Ya karanta shi a hankali, gaɓa-gaɓa.

Zaure cike da dattawa. Alhaji ya ce, "Yi abin da aka ce kana yi, mu gani."

Jibrilla, ƙato da gemu, ya sunkuyar da kai, ya tafa yana yanka kalmar gaɓa-gaɓa kamar ɗan aji ɗaya. Dariya ta ɓarke.

Alhaji ya ce, "Wa ya koya maka?"

Jibrilla ya ce, "Ɗiyarku, Baba. Ni ban yi boko ba."

Alhaji ya dube shi. Sannan ya ce, "Ka sha kunya saboda ita. Turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Abokai suka tarbi ango da tafin nan nashi, ya ja rawani ya rufe fuska.

A ɗaki amarya ta raɗa mashi, "Angona, har yau gaɓa ta huɗun kake cinyewa."

Ya ce, "To ai ga malama a gida."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.