Jajayen Ƙyallayen Gonar Baba

"Na ɗaura musu ƙyalle da hannuna!"

"Maigida, ni ko zare ban gani ba. Abin da babu ƙyalle ka ce in sare, ni kuwa na sare."

Baba da ɗan ƙwadagon da ya share masa gona ne ke ta musu a ƙofar gida. Ɗan ƙwadago yana rantsuwa har hularsa na karkacewa.

'Yar Baba tana bayan ƙyaure tana jin su. A hannunta akwai 'yar tsana, ta sha jan zane, jan kallabi, har da jan mayafi.

A gonar akwai tsofaffin kututture masu tsiro. Baba yakan zaɓi reshe mai ƙarfi ya ɗaura masa jan ƙyalle, don a bar shi ya zama bishiya. Ita ba ta san haka ba. Da ta kai abinci gona, ta ga ƙyallaye suna ta filfilawa a banza, sai ta kwance su tas, ta yi wa 'yar tsanarta sutura da su.

Da ta ji Baba ya ce bawan Allah ba zai ƙara yi masa aiki ba, sai ta fito tana hawaye, ta miƙa 'yar tsanar.

Ɗan ƙwadago ya gyara hula. "To ga ɓarauniyar, maigida. Har ta yi kwalliya."

Baba ya ba shi haƙuri. Bai daki yarinyar ba. Ya ce kawai ta shirya, tare za su yi noman bana.

Da aka yi shuka, iska ta taso. Gefen da ke da bishiyoyi bai ji komai ba. Gefen da aka sare kuwa, yashi ya binne tsiron. Dole suka sake shuka, har bayanta ya riƙe.

Baba ya nuna mata ƙasar gindin bishiya, baƙa, mai laima. Ya ce ganyen da ya zuba shi ne taki. Ga abincin akuya, ga itacen girki, ga 'ya'yan da Inna ke sayarwa.

"Baba, na kashe su ke nan?"

"Saiwarsu tana da rai. Zo ki gani."

Ashe kututturen sun sake tsiro, kore shar. Ta yaga zanen 'yar tsanar, ta ɗaura wa kowane reshe da kanta, tana murna.

Baba ya ce, "Bishiya a gona dukiya ce. Kuma in kin ga abu ba ki san amfaninsa ba, ki tambaya kafin ki taɓa."

Ta ce ta ji. Sai ya juya ga Auta, ƙanenta, ya tambaye shi ko shi me ya koya.

Auta ya yi dogon tunani.

"Ni in na girma bishiya zan zama. Ba a aikenta."